RA'AYI: Labarin R.A. Dickey, da na waɗanda ba a saka hotonsu



Duk mai yawo a Facebook ya san irin rubutun nan da ake sakawa da sassafe. Za ka ga hoton wani yana murmushi, an jero wahalhalun da ya sha ɗaya bayan ɗaya, can ƙasa sai a ce to ka gani, kai ma kada ka karaya. Cikin mutanen da masu irin wannan rubutu suke ji da su a Amurka akwai wani ɗan wasan besbol mai suna R.A. Dickey. Ni kaina ina son mutumin, kuma na daɗe ina bibiyar labarinsa. Abin da yake damuna shi ne yadda ake yanke labarin, a ɗauki gefe ɗaya a bar ɗaya, har ya koma hujjar masu cin gumin yara.

Da yake wasan ba namu ba ne, bari in ɗan yi shimfiɗa. A besbol mutum tara ne a kowane ɓangare, amma kusan duk nauyin wasan yana wuyan mutum ɗaya, wato mai jifa. Yana tsayawa a kan wani ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai daga mai bugu, ya wurgo masa ƙwallo mai tauri wadda ba ta wuce girman lemo ba. Mai bugu yana riƙe da kulki, a bayansa kuma wani ya tsuguna yana jiran ya cafke ƙwallon. Idan mai bugu ya kuskure sau uku an kore shi. Idan kuwa ya same ta da kyau har ta tsallake katangar fili, shi ne abin da suke kira hom ron, kuma babu abin da mai jifa ya tsana kamarsa. Wasa zango tara ne, a kowane zango sai an fitar da mutum uku, ka ga mutum 27 ke nan kafin a tashi.

Babbar gasar ita ce MLB, mai ƙungiyoyi 30. A ƙarƙashinta akwai ƙananan gasanni hawa-hawa: Triple-A a sama, sai Double-A, sai matakan A, har zuwa na sababbin shiga. A nan ne ya bambanta da ƙwallon ƙafa da muka sani. A ƙwallon ƙafa ƙungiya ce take hawa ko ta faɗo. A besbol ƙungiya tana nan inda take har abada, mutum ne ake hawarwa a kuma sauke. Kowace ƙaramar ƙungiya tana da uwa a babbar gasa, uwar ce take riƙe da takardar ɗan wasa, ita take biyan albashinsa, kuma da waya ɗaya za a ce masa ya tattara kayansa gobe yana wani gari.

An haifi Robert Allen Dickey a birnin Nashville na jihar Tennessee ranar 29 ga Oktoba, 1974. A Jami'ar Tennessee ya yi suna da jifa mai ƙarfi, har aka sa shi cikin tawagar Amurka a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Wannan gasa ba sai na tuna wa kowa ita ba, ita ce wadda su Kanu da Tijjani Babangida suka ɗauko mana zinare. Can a filin besbol kuwa Kuba ce ta ci zinare, Japan azurfa, su Dickey suka samu tagulla. A shekarar ne ƙungiyar Texas Rangers ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa, shi ne na 18, ta kuma yi masa alkawarin dala 810,000 kafin alƙalami. Yaro ɗan shekara 21, daga gidan da ba su da ƙarfi.

Sai hoto ya ɓata komai. Mujallar Baseball America ta buga hoton masu jifan tawagar Olamfik a bangonta, suna tsaye a jere. Likitan Rangers ya duba hoton, ya ga hannun daman Dickey ya ɗan lanƙwashe ba kamar na sauran ba. Da aka yi bincike sai aka tarar babu wata jijiya a gwiwar hannunsa, wadda ita ce take riƙe gwiwar idan mutum ya yi jifa. Ba tsinkewa ta yi ba, babu ita ne gaba ɗaya. Wannan jijiya kuwa ita ce rayuwar mai jifa. Saboda ita ake yin shahararriyar tiyatar nan da ake kira da sunan Tommy John, ɗan wasan da aka fara yi wa ita a 1974, shekarar da aka haifi Dickey. A lissafin likitoci, mutumin da ba shi da ita ko murɗa hannun ƙofa bai kamata ya yi ba tare da ciwo ba, shi kuwa ga shi yana jifa lafiya lau.

Rangers ta janye tayinta. Daga baya ta dawo da dala 75,000, in ya so ya karɓa, in bai so ba ya bari. Yana da inshorar dala miliyan 1 a kan hannun, wadda zai iya karɓa idan ya yarda ya bar wasa har abada. Ya bar inshorar ya sa hannu.

Ku riƙe wannan wurin, don za mu dawo kansa. Hannun da ya yi jifa a Atlanta shi ne dai hannun, babu abin da ya canza a jikinsa tsakanin safe da yamma. Farashinsa ne ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100, kuma ba shi da inda zai kai hajarsa, domin wanda aka zaɓa ba ya ciniki da kowa sai ƙungiyar da ta zaɓe shi.

Daga 1997 ya shiga ƙananan gasanni. Sai a 2001 ya fara leƙa babbar gasa, wasa huɗu aka mayar da shi. A 2003 da 2004 ya samu zama, amma ba wani abin a zo a gani ba, ana cin sa fiye da maki biyar a kowane cikakken wasa. Garin Oklahoma City, inda ƙungiyar Triple-A ta Rangers take a lokacin, ya zame masa kamar gida na biyu saboda yawan komawa. Kafin 2005 ƙarfin jifan ya ragu, ga shekara 30 ta cika. A wannan sana'a mai shekara 30 da har yanzu bai kafu ba, ana fara yi masa kallon wanda ya kamata ya nemi wani aiki.

To a nan ne masu rubutun safe suke cewa ya dage. Ni kuwa da na duba, abin da na gani shi ne ya haƙura. A 2005 kocin ƙungiya Buck Showalter da mai horar da masu jifa Orel Hershiser suka zaunar da shi suka gaya masa gaskiya, cewa da irin jifan da ya sani tafiyarsa ta zo ƙarshe. Suka ce hanya ɗaya ta rage, ya koma ƙasa ya koyi wani jifa da Amurkawa suke kira nokulbol. Ni zan kira shi jifan farce, don da farce ake yin sa.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan jifa, don abin mamaki ne. Jifan da aka saba, ƙwallo tana barin hannu da gudun kusan kilomita 150 a awa, tana juyawa fiye da sau 2,000 a minti. Juyawar ce take ba ta saiti, kamar yadda katantanwa take tsayawa cak muddin tana juyi. Mai jifan farce kuwa yana kafa faratansa a jikin fatar ƙwallon, ya tura ta ba tare da ya bari ta juya ba. Kafin ta isa wurin mai bugu da kyar take yin juyi ɗaya. Da yake jikinta akwai ɗinki mai tudu, iska sai ta riƙa kama ɗinkin tana karkatar da ita, yanzu ta yi hagu, yanzu ta nutse, kamar malam-buɗe-littafi. Mai bugu bai san inda za ta ba. Mai cafkewa ma bai sani ba, shi ya sa yake sa safar hannu wadda ta fi ta kullum faɗi. Kai, shi kansa wanda ya jefa ba shi da tabbas. Matsalar ita ce, ranar da ƙwallon ta ɗan juya fiye da kima, ta zama sadaka: ga ta a hankali, ga ta a miƙe, kowa ya buga son ransa. Ko farce ne ya karye ranar wasa, an shiga uku.

Saboda haka masu ƙungiyoyi ba sa son sa, koci ba ya iya koyar da abin da bai iya ba, kuma a kowane zamani masu yin sa ba su cika wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Yawanci mafakar wanda ƙasa ta ƙure wa ce. Tim Wakefield, wanda ya ci wasa 200 da shi, asalinsa ma ba mai jifa ba ne, bugu ne ya gagare shi a ƙananan gasanni ya koma jifa. Amma yana da wata falala: ba ya cin hannu. Phil Niekro ya ci wasa 318, yana jifa har shekara 48. Hoyt Wilhelm ya kai 49.

Ka duba abin da aka nema daga Dickey. Mutumin da tun yana yaro ake yabonsa da ƙarfin hannu, wanda ya wakilci ƙasarsa, an ce ya ajiye duk wannan ya zama ɗan koyo yana da mata da 'ya'ya. Kuma ya yarda. Ya bi manyan wannan fanni har inda suke, Charlie Hough da farko, daga baya Wakefield da Niekro, suka gyara masa riƙo da tsayuwa. Wakefield a lokacin yana wasa a wata ƙungiyar, abokin hamayya ne, amma bai ɓoye masa komai ba. Idan akwai abin koyi a labarin nan, to a ganina yana nan, wurin da aka gaya wa mutum magana mai ɗaci ya haɗiye, ya kuma je ya durƙusa gaban waɗanda suka riga shi. Sai dai wannan ba ya shiga rubutun safe, don ba ya daɗin ji kamar a ce ka riƙe mafarkinka kada ka saurari kowa.

Kuma ba nan take aka ga haske ba. Ranar 6 ga Afrilu, 2006, wasansa na farko a kakar da sabon jifa, 'yan Detroit Tigers suka buga masa hom ron shida. Babu mai jifan da aka taɓa yi wa fiye da haka a wasa ɗaya a tarihin gasar na zamani. Aka sauke shi, bai sake taka babbar gasa ba a shekarar, haka ma shekarar da ta biyo. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fitar a 2012, da kansa ya bayyana cewa a wancan tsakanin har tunanin kashe kansa ya zo masa, ya kuma fito da cin zarafin da aka yi masa yana yaro wanda ya shekara da shekaru yana ɓoyewa.

A 2007 yana ƙungiyar Nashville Sounds, ƙaramar ƙungiyar Milwaukee Brewers, a garinsu na haihuwa. A watan Yuni sun je wasa, sai ya ce zai ƙetare kogin Missouri da iyo, abokan wasa suna bakin gaɓa suna kallo. Ruwa ya fi ƙarfinsa, ya nutse, da kyar ya kai kusa da gaɓa wani abokin wasansa ɗan Ostireliya mai suna Grant Balfour ya jawo shi. Masu ba da labari suna son wannan wuri ƙwarai, domin bayan nan ne wasansa ya gyaru, ya gama kakar da cin wasa 13 da faɗuwa 6, aka zaɓe shi gwarzon masu jifa na gasar. Suna cewa ya shiga ruwa ya fito sabon mutum. Ni dai abin da nake gani magidanci ne ɗan shekara 32, mai iyali a gida, wanda rayuwa ta matse har ya rasa bambanci tsakanin jarumta da ganganci. Da hannun Balfour bai kai ba, da yanzu babu mai saka hotonsa.

Ya yi Seattle a 2008, inda a wani wasa jifa huɗu suka kuɓuce masa a zango ɗaya, wani tarihin mara daɗi. Ya yi Minnesota a 2009. A 2010 New York Mets ta ɗauke shi da takardar ƙaramar gasa, kuma shi aka fara sallama daga sansanin share fage zuwa ƙungiyarta ta Buffalo. A can ne wata rana a ƙarshen Afrilu mai bugun farko ya same shi, daga nan ya fitar da mutum 27 a jere babu wanda ya motsa. A watan Mayu aka kira shi sama yana ɗan shekara 35, kuma daga nan bai sake sauka ba. A farkon 2011 ya sa hannu a kwantiragin shekara biyu na dala miliyan 7.8, karo na farko a rayuwarsa da ya san inda zai kwana baɗi.

Shekarar 2012 kuwa sai dai a ce masha Allah. A watan Janairu ya hau dutsen Kilimanjaro don tara wa wata ƙungiya kuɗi, mai ceto mata da yara daga fataucin mutane a Mumbai, duk da Mets ta gargaɗe shi cewa in ya ji rauni kwantiraginsa na cikin haɗari. Da aka fara kaka ya ci wasa 20 ya faɗi 6, ya kori masu bugu 230, fiye da kowa a ɓangarensu. A watan Yuni ya yi wasa biyu a jere, da Tampa Bay da Baltimore, kowanne bugu ɗaya tak aka samu a kansa daga farko har ƙarshe. Sirrinsa shi ne nasa jifan farcen ya fi na magabatansa gudu, kusan kilomita 125 a awa, don haka mai bugu ba ya samun lokacin gyara tsayuwa. A watan Nuwamba aka ba shi kyautar Cy Young, wadda ita ce ƙololuwa ga mai jifa. Shi ne mai jifan farce na farko da ya taɓa samun ta.

A nan rubutun safe yake tsayawa. Ni kuma a nan tambayata take farawa: a shekaru 14 da ya yi yana shiga yana fita a ƙananan gasanni, mutum nawa ya zauna da su a mota ɗaya, kuma ina suke?

Ga yadda rayuwarsu ta kasance. Har zuwa 2019, shekaru bayan Dickey ya bar wurin, mafi ƙarancin albashi a matakin ƙasa dala 290 ne a mako, a Double-A 350, a Triple-A 502. Kada wani ya yi saurin juya shi zuwa naira ya ce ai da yawa, a Amurka ake kashe shi, inda hayar ɗaki kaɗai take iya cinye shi. Kuma a wancan lokacin a watannin kaka kawai ake biya, kimanin wata biyar. A lokacin, sansanin share fage, wanda dole ne kowa ya halarta, babu ko sisi. A da, lokacin hutu babu albashi, amma ana sa ran ka ci gaba da atisaye ka dawo da ƙarfinka. Shi ya sa a wancan lokacin za ka ga ɗan wasa yana aikin gini ko kai saƙon abinci a lokacin sanyi. A wancan zamanin samari biyar ko shida su haɗu a gida ɗaya kan katifun hurawa, wasu kuma iyalan gari ne suke ba su masauki don tausayi. Tafiya a bas ce, wani lokaci kwana ake a hanya. A lokacin, takardar da yaro ya sa wa hannu tana ɗaure shi kaka bakwai. Duk wannan a ƙarƙashin gasar da take samun fiye da dala biliyan 10 a shekara.

Wani zai ce ina hukuma? Ai hukumar ce ta ba da izini. Tun 1922 Kotun Ƙolin Amurka ta keɓe besbol daga dokar hana babakere a kasuwa, don haka masu ƙungiyoyi suka samu damar haɗa baki su tsayar da farashi ɗaya. A 2018 kuma, bayan kamun ƙafa da gasar ta yi ta yi a majalisa, aka cusa wata doka cikin ƙaton kundin kasafin kuɗi wadda ta cire 'yan ƙananan gasanni daga kariyar biyan kuɗin ƙarin lokacin aiki. Sunan da aka ba dokar ma abin dariya ne, wai dokar ceto wasan gargajiyar Amurka.

To me yake riƙe saurayi a irin wannan hali shekara biyar, shekara takwas? Labari ne. Labarin wani da ya kai shekara 35 kafin ƙofa ta buɗe masa. Mafi yawan waɗanda suka shiga ƙananan gasanni ba za su taɓa yin ko kwana ɗaya a babbar gasa ba, kuma masu ƙungiyoyi sun fi kowa sanin haka. Amma 'yan ƙalilan ɗin da ake sa wa rai suna buƙatar abokan karawa, ba za su yi wasa su kaɗai ba. Sauran an ɗauke su ne don su cika fili, kuma abin da ya fi sauƙi a biya su da shi shi ne fata. Duk lokacin da aka ɗaga hoton Dickey aka ce kada ka karaya, akwai wani ɗan shekara 28 a Double-A da zai ƙara shekara ɗaya, matarsa ta ƙara shekara ɗaya tana riƙe gida ita kaɗai.

Kuma shi Dickey ba daidai yake da su ba tun farko. Ɗan zagayen farko ne, sunansa yana cikin littafin kowace ƙungiya. Ya riga ya ɗanɗana albashin babbar gasa, wanda ko na wata biyu ne ya fi na shekarun ƙasa. Jifan da ya koma wa irin wanda tsufa ba ya kashewa ne, jijiyar da take tsinke wa sauran kuma shi ba shi da ita balle ta tsinke. Abin da ya karya masa farashi a 1996 ya zo ya zame masa garkuwa. Wannan ba dabara ba ce da za a ce wani ya kwaikwaya, rabo ne.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce babu wanda aka tilasta, kowa da ƙafarsa ya zo, kuma ɗan koyo a kowace sana'a ba ya cin abin da maigida yake ci. Na yarda da rabin maganar. Amma yaron da ya yi shekara bakwai a garejin kanikanci, ko bai zama babban maigida ba, ya fita da sana'a a hannu, zai buɗe nasa a bakin titi ya ci abinci. Wanda ya yi shekara bakwai yana jifa aka sallame shi, wa zai jefa wa? Sannan ana sayar da tikiti a wasannin nan, ana sayar da abinci da riguna, jama'a suna cika fili. Wurin da ake karɓar kuɗi a ƙofa ya wuce a kira shi makaranta.

Akwai wani mai jifa da nake ganin ya fi cancanta a saka hotonsa da safe, sunansa Garrett Broshuis. San Francisco Giants ta ɗauke shi a 2004, ya yi kaka shida a ƙananan gasanni, ya taɓa Triple-A, bai taɓa shiga babbar gasa ba. A 2009 ya ajiye. A ma'aunin masu rubutun safe, ya karaya ke nan. Ya tafi ya karanta lauya, a 2014 ya shigar da ƙara a madadin tsofaffin abokan wasansa, da sunan wani tsohon ɗan wasa Aaron Senne a gaba, yana cewa gasar ta saɓa dokokin mafi ƙarancin albashi. Shekara takwas ana jan shari'ar. A 2022 gasar ta yarda ta biya dala miliyan 185, wanda aka raba wa 'yan wasa fiye da 20,000. A shekarar ce aka fara ba 'yan ƙananan gasanni masauki, a shekarar ce kuma suka shiga ƙungiyar ƙwadago. A 2023 suka ƙulla yarjejeniyarsu ta farko: albashin Triple-A ya tashi daga dala 17,500 a shekara zuwa 35,800, na Double-A daga 13,800 zuwa 30,250, na matakin ƙasa daga 4,800 zuwa 19,800. Kuɗin da aka shekara ana cewa babu, sai ga shi ya fito.

Gaskiya ce ba a kyauta aka samu ba. Tun kafin nan, a ƙarshen 2020, gasar ta rage ƙananan ƙungiyoyi daga 160 zuwa 120, garuruwa da dama suka rasa alaƙarsu da babbar gasa, guraben samari suka ragu. Wasu suna kafa hujja da wannan su ce ga abin da neman haƙƙi ya jawo. Ni kuwa ina ganin gara a gaya wa yaro tun yana ɗan shekara 22 cewa babu wuri, ya kama wata hanya da sauran ƙarfinsa, da a riƙe shi har 30 a kan abin da ba zai ciyar da shi ba. Har yanzu ma tazarar tana nan, domin a 2023 mafi ƙarancin albashi a babbar gasa dala 720,000 ne, ninki ashirin na Triple-A, alhali tsakaninsu waya ɗaya ce.

Shi kuma gwarzon namu, ko ya kasuwar ta yi da shi bayan ya kai ƙololuwa? An ba shi Cy Young a tsakiyar Nuwamba 2012. Kafin ƙarshen Disamba Mets ta sayar da shi ga Toronto Blue Jays ta Kanada, ta karɓi matasa a madadinsa, ciki har da Noah Syndergaard da Travis d'Arnaud, domin lissafinta ya nuna mata farashinsa ba zai taɓa wuce na ranar ba. Kuma lissafin bai yi ƙarya ba. Toronto ta ƙara masa shekara biyu a kan dala miliyan 25, ya yi mata kaka huɗu yana aiki tsakani da Allah, amma 2012 ba ta sake dawowa ba. Kakarsa ta ƙarshe a 2017 ce, a ƙungiyar Braves ta Atlanta, garin da ya karɓi tagulla shekara 21 da suka wuce. Ya ci 10 ya faɗi 10 yana ɗan shekara 42. Jimillar abin da ya yi a babbar gasa, ya ci wasa 120 ya faɗi 118, sannan ya koma Nashville wurin matarsa da 'ya'yansu huɗu.